Hancin Fiffiken Lamba Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Jirgin feshi Lamba Ɗaya ya faɗi yau da ƙarfe tara da minti arba'in, a ƙarshen gonakin audugar da ke gabas da babbar hanyar ruwa. Mirgani na ciki. Yana da rai.

Abin da aka gani kawai zan rubuta. Ya gama layi na sha ɗaya na feshi, ya ɗaga sama zai juyo hagu kamar yadda yake yi sau ɗari a wuni. Mai riƙe tuta na wancan gefen ya ce injin bai yi tari ba, bai yi hayaƙi ba, fiffiken hagu ne ya nutse lokaci guda kamar an fizge shi da igiya. Tsayin da ya faɗo bai kai na dabino uku ba. Tankin magani saura rabi. Iska kaɗan daga kudu. Zafi digiri talatin da huɗu a inuwar rumfa.

Jiragen feshi biyu gare mu, matuƙa biyu, injiniya ɗaya. Injiniyan ni ne. Mirgani kuwa, ban da cewa ba matuƙin da ya kai shi hannu a duk yankin Jazira, mijin ƙanwata Sittana ne. Ni na je na gaya mata. Na same ta tana shanya. Ta dubi fuskata, ta ajiye kwandon a hankali, ta ce, "Yaya, bari in ɗauko mayafina."

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Ƙashin baya ya karye wuri biyu, ƙafar dama ma ta karye. Likitan asibitin garin Madani ya ce a jira a gani.

An aiko daga Khartum cewa kada Lamba Biyu ya tashi sai mai bincike ya zo. Alhaji Gasmalla, mai kamfanin, ya karanta takardar sau biyu, ya dubi gonaki, ya yi salati.

Da hantsi mun zauna kan kwanon wake kamar kullum. Zarrug, matuƙin Lamba Biyu, shi ya fi kowa magana.

"Sau nawa na ce masa, Kyaftin, gonar auduga ba filin wasa ba ce? Mutum ya riƙa juya jirgi kamar mai juya keke a lungu. Ni da suke kira Kunkuru, ga ni nan ina cin wake."

Aka yi dariya kaɗan, don kowa na neman abin da zai riƙe. Usta Hamad, wanda ke mana aikin fallen ƙarfe, bai yi ba. Ya ci loma biyu ya tashi.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na zo shago kafin kowa. Na sauke allon sifa daga ƙusarsa.

Idan aka yanka fiffike a tsaye kamar yadda ake yanka kifi, sifar da za a gani ita ce aka zana aka yanke a jikin wannan allo: hanci mai kauri a dunƙule a gaba, doro kaɗan a sama, wutsiya siririya a baya. Ana cusa allon a gaban fiffike. In ya zauna daram, fiffiken yana kan sifarsa. Ratar da littafi ya yarda da ita ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba.

A watan Agusta garken tsuntsayen jan-baki ya lotsa mana hancin fiffike a jiragen biyu. Mun sauya falle mai tsawon ƙafa shida a ƙarshen fiffiken hagu na Lamba Ɗaya, da irinsa a ƙarshen fiffiken dama na Lamba Biyu. Aikin ya yi kyau a ido. Na sa hannu a littafin kowane jirgi.

Yau na ɗora allon a kan Lamba Biyu. Fiffiken hagu, daram. Fiffiken dama daga tushe har inda sabon falle ya fara, daram. A kan sabon fallen, daidai haƙarƙarin da ke cikin fiffike babu laifi, domin haƙarƙarin ya tilasta shi. Tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari allon ya taɓa tsinin hanci kaɗai. Sama da ƙasa fensir yana shiga.

Na je wurin tarkacen Lamba Ɗaya. Ƙafa biyu na sabon fallen sun tsira. Fensir yana shiga.

Na mayar da allon kan ƙusarsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na buɗe littafin sifofin fiffike da na zo da shi daga makaranta, ko da yake na san abin da ke ciki.

Iska tana bin doron fiffike a manne, ita ce ke ɗaga jirgi. Duk lokacin da matuƙi ya ja sandar tuƙi, a juyi ko a hawa, iskar sai ta ƙara lanƙwasa kafin ta zagaya hanci. Hanci mai kauri yana ba ta hanya. In ta gaji za ta saki fiffiken, daga wutsiya take farawa, ta taho gaba kaɗan-kaɗan, jirgi ya yi rawa, sanda ta kaɗa a hannun matuƙi, ya sassauta. Hanci mai tsini ba ya yin haka. Iskar tana riƙe, tana riƙe, sai ta ɓalle gaba ɗaya daga gaba. A zanen littafin, layin na farko yana gangarowa kamar tudu. Na biyun kamar gaɓar kogi da ruwa ya ci ƙasanta. In kuwa fiffike ɗaya ne mai tsinin, shi kaɗai zai faɗi, ɗayan yana ci gaba da ɗagawa.

Sai maganar bututu. Kowane shagon jiragen feshi a Jazira yana da bututunsa na lanƙwasa fallen hanci. Ba a rubuta shi a littafi ko ɗaya ba, amma kowa ya san nasa. Namu tsohon bututun ban ruwa ne mai faɗin inci uku, shekara goma sha biyu yana jingine a bayan shago. A Agusta muka neme shi muka rasa, ashe an ɗauka an gyara famfon rijiya da shi. Muka sami mai inci biyu. Usta Hamad ya juya shi a hannu ya ce, "Injiniya, wannan ba namu ba ne." Na ɗauki fensir na yi lissafi a bayan takardar mai: falle yana buɗewa in an sake shi, zai buɗe ya kai inda ake so. Lissafin ya fita tsaf.

Allon yana taku huɗu daga inda nake tsaye ranar. Fenti bai bushe ba, feshi kuma saura kwana biyu a fara.

Jumma'a, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Mirgani ya farfaɗo sosai. An ɗaure shi a kan gado, ba ya iya juyawa sai an juya shi. Da ya gan ni sai ya yi murmushi da gefen baki.

"Alƙalin inci! Ka zo auna ni? Likita ya riga ka. An ce na ragu."

Tun muna samari yake kirana haka. Na zauna na ɓare masa lemo. Da Sittana ta fita ɗebo ruwa sai ya rage murya.

"Dafa'allah, bai yi rawa ba. Shekara tara ina kan jirgin nan, kullum sai ya kaɗa mini sanda kafin ya saki. Ranar ban ji komai ba. Ina sama, sai ga auduga a fuskata." Ya dube ni. "Ko dai ya yi, ni ne ban ji ba?"

Na ce masa ya huta, kada ya takura kansa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Mai bincike ya zo. Mutawakkil ne, yana aji biyu a bayana a makaranta, ni na koya masa karatun zane. Ya duba inji, ya duba mai, ya bi wayoyin sarrafawa ɗaya bayan ɗaya, ya auna nauyin maganin da ya rage. Aikinsa babu ha'inci. Da ya zo kan littafin jirgin ya ga layin Agusta, sai ya karanta a fili, "An sauya fallen hanci bisa ƙa'ida." Ya dubi sa hannun ya ce, "Inda ka sa hannu, Babban Injiniya, ai ni sai dai in koya."

Ya sha gahawa, ya tambayi mai tuta yadda Mirgani ke juyi. Mai tuta ya kwatanta da hannu, ya karkata tafinsa har ya kusa tsayuwa. Mutawakkil ya rubuta.

Ba wanda ya tambaye ni abin da zan yi ƙarya a kansa.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ban taɓa allon ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Manoma bakwai sun zo a bayan tarakta. Dattijonsu ya ɗora ganyen auduga a kan teburin Alhaji. Ƙasan ganyen fari fat da farin ƙuda, samansa yana danƙo kamar an zuba zuma.

"Alhaji, kwana tara ke nan. Ku kuna jiran takarda, ƙwari ba sa jira. In danƙon nan ya hau kaɗa, wa zai saya?"

Alhaji ya ba su haƙuri, ya rantse musu cewa ranar da takarda ta iso, Zarrug zai yi aikin mutum biyu.

Na duba ɗakin ajiya. Babu sauran falle mai kaurin da ake bukata. In an yi oda, mako shida kafin ya iso, kuma sai na rubuta dalili.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Abin da nake gaya wa kaina: Zarrug ya yi mako bakwai yana tashi da fiffiken nan, ba abin da ya same shi. Yana buɗe kwana in zai juya. Ba ya cika tanki. Ba ya tashi in rana ta take.

Abin da Alhaji ya tsara yau a kan taswira: tanki cike, tashi har azahar, a fara da gonakin yamma. Gonakin yamma wayoyin lantarki sun bi gefensu na hagu. Duk juyin can na dama ne.

A bakin asibiti Sittana ta tare ni kafin in shiga.

"Yaya, matan unguwa suna cewa ganganci ya yi. Har a gidan biki an faɗa, an ce nuna kai ne ya kai shi. Kai ka san jirgin nan ciki da waje. Ganganci ya yi?"

Na ce bincike zai nuna. Ta gyara mayafinta ta ce in shiga, ya tambaye ni sau biyu.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan azahar

Takarda ta iso. Inji lafiya, wayoyi lafiya, gyare-gyare bisa ƙa'ida. Dalilin faɗuwa: matuƙi ya matse juyi fiye da kima a ƙasa-ƙasa. An dakatar da lasisinsa. Lamba Biyu yana iya tashi.

Alhaji ya sa an kawo lemon kwalba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Na tayar da injin Lamba Biyu don gwaji, na kashe, na ce wutarsa tana faɗuwa a gefe ɗaya. Na kwance magneto, na'urar da ke ba inji wuta, na kai kan tebur.

Babu abin da ya same shi.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Magneto yana kan tebur a wargaje. Zarrug ya zauna a kan durom yana kallona yana cin dabino.

"Injiniya, wannan abin agogo ne ko magneto? Ko so kake ƙwari su gama cin audugar su zo su ci ni?"

Na ce gara a yi a hankali.

"A hankali ai sunana ne. Amma yau har Kunkuru ya gaji da kai."

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Na ce sai an sauya robar bututun mai. Kwana ɗaya.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mako biyu ke nan Usta Hamad bai sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. Yana ɗaukar gurasarsa ya koma ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Yau na same shi can, na ce na zo duba ko yana da ƙaramar sufana. Bai ɗago ba.

"Sufana tana inda take kullum, Injiniya."

Na tsaya.

"Gobe kuma me zai lalace?" in ji shi. "Taya? In ka gaya mini tun yau sai in taya ka sace iskar."

Na ce ban gane ba.

"Ƙura ta kwanta a kan komai a shagon nan, ban da allon can. Ni jahili ne, ban san lissafi ba. Amma hannuna ne ya lanƙwasa fallen nan, kuma tun ranar hannun bai yarda ba." Ya karya gurasa. "Ba zan faɗa ba. Kai ne mai sa hannu, kai ka ɗauke ni aiki lokacin da ba mai so na. Amma ranar da Zarrug zai tashi, ka nemi wanda zai cire katakon da ke tare taya. Ba ni ba."

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Yatsun ƙafar hagu sun motsa. Na dama shiru. Likita ya ce wannan ma abin godiya ne.

An kawo wa Mirgani kwafin takardar, Sittana ta karanta masa. Yana da damar ya ƙi yarda cikin kwana talatin. Na same shi ya riga ya sa hannu cewa ya yarda.

"Me zan musa?" ya ce. "Na kwana ina juya abin nan. Jirgi ba ya ƙarya. Kai ka duba shi, Mutawakkil ya duba shi. Saura wa? Ya yi mini rawa, hannuna ne bai ji ba." Ya ɗaga hannun dama ya dube shi kamar na wani. "Na ga tsofaffin matuƙa da haka ta same su, ina yi musu dariya. Ko da na tashi daga gadon nan, Dafa'allah, kada ka bari a sake ba ni sanda. In na roƙe ka ma, ka hana. Ka yi mini alkawari."

Sittana ta ce, "Kyaftin, ka bar maganar nan, ka sha kununka."

"Ki bar kirana Kyaftin."

Na zauna minti ashirin. Mun yi maganar ƙwallo.

Jumma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na yi lissafi. Tanki cike, zafi talatin da takwas, karkata digiri arba'in da biyar zuwa dama. Na yi shi hanya uku. A biyu akwai sauran rata. A ta ukun babu.

Na lura da fensirin da nake riƙe da shi, da kuma yadda lissafin ke fita tsaf kamar na Agusta. Na yaga takardar.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Alhaji ya ɗauko makaniki daga wani kamfani ba tare da ya gaya mini ba. Mutumin ya haɗa magneto cikin awa ɗaya, ya tayar da inji, ya ce ko sabo bai fi shi lafiya ba. Alhaji ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, na san abin da ke damunka. Surukinka yana kwance, tsoro ya shige ka, kana ganin aibu inda babu. Ba laifi ba ne. Amma gidaje ɗari huɗu suna kallon audugar nan. Gobe da shida zai tashi."

Na ce to.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Shida saura kwata an cika tanki. Zarrug yana ɗaure hularsa. Na matsa kusa da shi na ce, "Kyaftin, yau ka buɗe kwana sosai. In da hali ka riƙa juyawa hagu."

"Hagu? A gonakin yamma? So kake in rataye a wayar lantarki kamar jemage?" Ya yi dariya, sannan ya daina. "Me ya sami dama?"

Na ce ba komai, shawara ce.

Ya dube ni, ya hau, ya tayar da inji. Farfela ta ɗauka. Ya ɗaga babban yatsa a cire katakon taya. Usta Hamad yana tsaye hannuwansa a baya, bai motsa ba. Alhaji ya yi masa tsawa, bai motsa ba. Alhaji ya juyo ya ce, "Dafa'allah, cire masa."

Na sunkuya na kama igiyar katakon. Fiffiken dama yana daidai kaina, fentinsa yana ƙyalli. Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Na saki igiyar, na miƙe, na yi wa Zarrug alamar ya kashe inji.

Na shiga shago na sauko da allon. Na ɗora a hagu, kowa ya ga ya zauna. Na zagaya na ɗora a dama. Na ce wa Alhaji ya ba ni biron da ke aljihunsa. Na tura shi ta ratar, ya fita ta ɗaya gefen ya faɗi ƙasa.

Zarrug ya sauko. Ya sa yatsa a ratar. Matuƙi ne, ba sai an yi masa bayani ba.

"Tun yaushe nake yawo da wannan?"

"Tun Agusta."

"Na Mirgani fa?"

"Hagu."

Ya cire hula ya zauna a kan taya. Can ya ce, "Kana zaune ina zaginsa a kan kwanon wake. Kana miƙo mini gishiri."

Alhaji ya tambayi wanda ya lanƙwasa fallen. Na ce Usta ne ya lanƙwasa, a kan bututun da na zaɓa, bayan ya ce kada a yi, kuma ni na sa hannu ban auna ba. Alhaji ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Mu huɗu ne a nan. A nemo falle ko aro ne, a gyara, jirgi ya tashi. Takarda ta riga ta fita. Wanda ya karye ya riga ya karye, tonawa ba za ta ɗora masa baya ba. Kai kuma in ka tona, ba za ka sake sa hannu a kan ko keke ba."

Gaskiya ya faɗa. Na shiga ofis na nemi Khartum. Sai da aka yi minti arba'in kafin layi ya shiga, kuma duk tsawon lokacin ina iya ajiye kan wayar. Da Mutawakkil ya ɗauka na ce ya dawo, ya zo da allon sifa nasa. Sai ya ce, "Babban Injiniya, ka san abin da kake faɗa?" Na ce na sani.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Wani kamfani ya yarda zai ba da aron falle da bututunsa. Kwana uku. Manoman yamma sun ce rabin kaɗarsu ta riga ta tafi. Daga cikin kwanakin da suka rasa, takwas nawa ne.

Mutawakkil zai zo Laraba. Na sa lasisina a ambulan.

Ban je asibiti ba.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na roƙi Sittana ta ba mu wuri. Ta dube ni, ta fita ta ja ƙofa.

Na gaya masa a jere: jan-baki, bututu, lissafi, allo. Ban yi ado ba. Yana kallon silin har na gama.

"Inci nawa?"

"Biyu. Maimakon uku."

"Ke nan bai yi rawa ba."

"Bai yi ba. Ba zai yi ba. Ko wane ne a ciki, ba abin da zai ji."

Ya rufe ido. Hannunsa na dama ya dunƙule a kan zanin gado, ya ɗan ja shi baya, ya sassauta, kamar mai riƙe da sanda. Hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa, ba ya iya juya kai ya goge. Ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Wallahi na sani, sai da kuka taru kuka sa na daina sani."

Na ce za a janye takardar, za a mayar masa da lasisi. Na ce bututun kuskurena ne, kuma zan faɗa a gaban kowa.

"Bututu ba komai ba ne," in ji shi. "Kowa yana kuskure. Ni ma na taɓa tashi da murfin mai a buɗe." Ya buɗe ido. "Yaushe ka sani?"

Ina iya cewa shekaranjiya. Ba wanda zai ƙaryata ni sai Usta, shi kuma ba zai yi ba.

"Laraba. Kwana biyu bayan ka faɗi."

Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga kwanaki.

"Ranar da na tambaye ka ko ni ne ban ji ba."

"Na sani."

"Ranar da na sa hannu."

"Na sani."

Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da idonsa kan silin.

"Ka tafi, Dafa'allah. In ka fita ka ce wa Sittana ta shigo ta juya ni. Ina so in kalli bango."